Tsohon gidan ruwan bayan gari: na wane zamani ne, kuma me ya kashe shi?

Ɗan Bolari: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ranar Asabar mun bi ta gefen kwari ni da wani abokina za mu duba fili, sai ga mu a bakin wani tsohon gidan ruwa da ciyawa ta cinye. Wayar da aka kewaye shi da ita ta kwanta, ƙofa ba ƙyaure. Akwai ɗakin inji, ginin dutse da siminti, iska ta yaye rabin rufin. A tsakar ɗakin dakali biyu ne na siminti, ƙusoshi masu kaurin babban yatsa a tsaye a kansu, da gani nan injuna suka zauna. Har yanzu simintin baƙi ƙirin yake saboda man da ya sha. A baya akwai tanki a ƙasa mai murfin kankare, da wani na ƙarfe a sama bisa ƙafafu, wanda aka harhaɗa da fallayen ƙarfe masu kusurwa huɗu, noti a jere a kowane gefe. A jikinsa an kafa dogon katako mai lambobi, da wani ɗan ƙarfe rataye da sarƙa. Saman ƙofar ɗakin kuma ramukan ƙusa ne guda huɗu, an ɓamɓare allon da ke wurin. Ga hotuna nan. Masu noma a gefen sun ce tun tasowarsu haka suka gan shi. Dattawan zaure, na wane zamani ne wannan?

Hamma Sale: Wa alaikumus salam. A wace unguwa ce? Ina son in leƙa.

Shugaban zaure: Don Allah kar a faɗi wurin a nan. Mutum nawa ne a zauren nan, kuma ba duka muka san juna ba. Yau aka yi kwatance, gobe 'yan jari-bola sun kwance tankin. Mai so ya bi Ɗan Bolari ta gefe.

Hamma Sale: Ai daga hoton ma na gane. Na reluwe ne. Jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, kuma kan jirgi na da, mai gawayi, ruwa yake sha kamar me. Duk tashar da ya tsaya sai an yi mata tanki.

Injiniya Babayo: Hamma, shekarar ka faɗe ta daidai, layin da ya taso daga Kuru ya bi ta Bauchi ya zo nan ya wuce Maiduguri a 1964. Amma tankin reluwe a gindin layi ake kafa shi, da ƙaton hannu da ake juyowa kan jirgin. Wannan kuwa ka duba hoto na uku, bututun da ya fito daga tankin sama ya nutse ƙasa ya nufi gari. Na rabon ruwa ne. Tsarinsa ma a fili yake: inji ya jawo daga burtsatse ya zuba a tankin ƙasa, wani injin ya tura sama, daga can ruwa ya gangara da nauyinsa. Shi ya sa dakalin biyu ne. Wancan katako mai lambobi ma'auni ne, akwai abin da ke yawo a saman ruwan a ciki, sarƙar ta bi ta kan ƙaramar gargare ta sauko waje. In ƙarfen ya sauko ƙasa tanki ya cika, in ya haye sama ruwa ya ƙare. A juye yake aiki, baƙo sai ya karanta shi a baibai.

Malam Ɗahiru: Kafin a kai ga injuna, a fara tambayar me ya sa garin nan tun asali yake fama da ruwa. Buba Yero da ya kafa masarautar a 1804 ba nan ya zauna ba, Gombe Abba ya zauna, a bakin Gongola. Turawa suka mai da hedikwata Nafada a 1913, ita ma bakin kogi. Sai a 1919, zamanin Sarki Umaru, aka dawo da ita Doma, wato inda muke yanzu. An bar kogi an hau tudu, saboda nan ne tsakiya kuma ya fi sauƙin kai wa ga ƙasar Tangale da Waja. Lissafin mulki aka yi, ba lissafin tulu ba. Da ƙaramin gari ne rijiyoyi da tafkuna sun riƙe shi. Da auduga ta kawo kuɗi, aka kafa injin gurza wanda har yau unguwar BCGA ke ɗauke da sunansa, jirgi ya zo, baƙi suka cika gari, dole aka koma burtsatse da tanki. Ni a nan nake sa wannan gini, tsakanin ƙarshen mulkin Turawa da farkon mulkin kai, lokacin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, na da ƙarfi.

Injiniya Babayo: Malam, akwai abin da zai taimaka. Ɗan Bolari, lambobin da ke kan katakon, tazararsu ƙafa ce ko mita? Kuma ba ka ga rubutu a jikin bawul ɗin ba?

Ɗan Bolari: Ƙafa ce, Injiniya, na gwada da takalmina. Akwai wani ƙaton bawul da suka kasa cirewa saboda rabinsa a cikin siminti yake. An zubo rubutu a jikin ƙarfen, lamba 6 da alamar inci, da kuma cewa a Ingila aka ƙera shi.

Injiniya Babayo: To wannan ya yi daidai da maganar Malam, domin sai a shekarun 1970 ƙasar nan ta koma awon mita da lita. Sai dai kar mu rantse a kai, don masu aikin famfo har gobe da inci suke magana, kuma kaya kan kwana shekaru a sito kafin a ɗaura.

Adda Jummai: Na nuna wa Bappa hotunan, ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce in rubuta abin da zai faɗa. Ya yi aikin inji a irin wannan wurin tun yana saurayi har ya yi ritaya. Ga maganarsa:

"Ku gaishe da yaron da ya ɗauko hoton. Waɗannan dakali na injin Lister ne mai shan gas, da hannu ake tayar da shi. Sai ka ɗaga wani ɗan ƙarfe a kansa don ya saki numfashi, ka yi ta wana hannun har ƙafar ta ɗauki gudu, sannan ka saki ƙarfen ka zare hannun da sauri. Wanda bai iya zarewa ba ya rasa haƙori, na ga wanda ya rasa. Da asuba muke tayarwa bayan salla. Mutanen da ke kusa ba sa buƙatar agogo, suna jin tuf-tuf-tuf mata sun fara fito da garewani. Akwai babban littafi a kan tebur, duk wanda ya karɓi aiki sai ya rubuta ƙarfe nawa ya tayar, ƙarfe nawa ya kashe, galan nawa na gas ya zuba, ƙafa nawa ruwa yake a tanki. In babba ya zo duba aiki ba ya gaisawa sai ya fara buɗe littafin, sannan ya shafa yatsa a jikin inji. In ya ga ƙura ka shiga uku. Ruwan ba gida-gida yake zuwa ba sai gidajen ma'aikata da asibiti da makaranta da gidan sarki. Talaka famfon titi yake zuwa, akwai mai tsaron famfo da makulli a aljihunsa, a biya kwabbai a cika garwa."

Maman Ihsan: Allah ya ƙara wa Bappa lafiya. Adda, tambaye shi don Allah, ruwan yana zuwa kullum a lokacin? Don iyayenmu labarin wahala suke ba mu, ba labarin daɗi ba.

Adda Jummai: Ya yi dariya, ya ce: "Gaya wa 'yata gaskiyar iyayenta ce. Bai taɓa isa ba. Rabo muke yi, yau a buɗe wa wannan ɓangare gobe wancan. Da bazara layin garewani sai ya kai inda ido ba ya gani, a yi ta faɗa. Abin da ya bambanta shi ne an san ranar, kuma ranar ba ta tashi."

Ɗan Bolari: To Bappa, me ya kashe shi? Wannan ne ya hana ni barci.

Adda Jummai: "Ba rana ɗaya ya mutu ba, ɗana. Na wurinmu dai ga yadda aka yi. Inji ɗaya ya lalace, aka ce kayan gyara sai an yi oda daga waje. Kafin su zo na biyun ya fara tari, sai muka riƙa ciro na wancan muna sa wa wannan, har wancan ya zama ƙashi. Kuɗin gas ya fara zuwa rabi-rabi. Daga baya aka kawo famfon lantarki aka zura a rijiyar, aka ce an huta da gas. Taransifoma ta ƙone, aka yi wata da watanni. Littafin nan ya cika, na nemi sabo, aka ce in jira, na riƙa rubutu a bayan kwalin sukari har na gaji. Da babban ruwa ya zo gari sai aka kwashe ma'aikata aka bar mai gadi shi kaɗai. Mai gadi ya rasu, ba a kawo wani ba. Shi ke nan. Babu wanda ya zo ya ce an rufe, babu takarda."

Alhaji Garba Tudun Wada: Allah ya jiƙan mai gadi. Amma jama'a mu daina kukan abin da zamaninsa ya wuce. Garin da ake magana a lokacin Bappa nawa yake? Daga 1996 da aka yanke mu daga Bauchi muka zama babban birnin jiha, ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gombe kaɗai mutum sama da dubu 260, sannan rikicin Borno da Yobe ya koro mana dubban 'yan'uwa. Yau Tumfure da Liji duk sun zama gari. Wannan ɗan tankin ko layi biyu ba zai shayar ba. A sayar da filin a yi shaguna, ya fi a bar shi maɓoyar 'yan shaye-shaye.

Injiniya Babayo: Alhaji, a lissafi ba ka yi ƙarya ba. Tanki mai faɗin mita 4, tsawon mita 4, zurfin mita 2, lita dubu 32 yake ci, wato jarka 1,600 mai lita 20. Ga gari ba komai ba ne. Amma inda nake saɓa maka shi ne ɗaukar babban aiki a matsayin magajin ƙanana. Dubi Dadin Kowa. Gwamnatin tarayya ta gama dam ɗin a kan Gongola tun shekarun 1980, tazararsa da nan bai kai kilomita 40 ba, amma ruwansa bai shigo famfunan Gombe ba sai zamanin Gwamna Ɗanjuma Goje, wanda ya yi mulki daga 2003 zuwa 2011. Injin wutar dam ɗin mai megawat 40 ma sai a 'yan shekarun nan ya fara aiki. Kuma ruwan kogi ba irin na burtsatse ba ne. Na burtsatse ƙasa ta riga ta tace shi, kulorin kaɗan ya ishe shi. Na kogi da laka yake zuwa, musamman da damina, sai an zuba alam datti ya dunƙule, a bar shi ya kwanta, a bi da shi ta cikin yashi, a sa kulorin, sannan a turo shi. Turowar ita ce babbar magana, don Dadin Kowa a ƙasa take, Gombe a sama. Kowane ɗigo sai an ɗaga shi da wuta ko gas. Ranar da wuta ta tsaya ko babban bututu ya fashe, gari gaba ɗaya ya bushe lokaci guda. Da an riƙe ƙananan tashoshin nan a raye, ko asibiti da makarantu sun samu abin riƙo a irin wannan rana. Kowa ya san kwandon da aka zuba ƙwai duka a ciki ba a gudu da shi.

Kawu Isa mai burtsatse: Ai mu muka zama ƙananan tashoshin. Duk gidan da ya samu hali yanzu mu yake kira. Ba don mu ba da an ga ƙishi.

Maman Ihsan: Kawu, wanda ya samu hali ka ce. Mu da muke haya fa? Mai kura muke jira, kuma da zafi ya shigo kuɗin jarka ya tashi, in ka yi magana ya ce shi ma a gidan mai burtsatsen aka ƙara masa saboda mai. Ni duk wannan tarihi ina jin daɗinsa, amma ba zai wanke mini kayan makarantar yara ba. In za a gyara a gyara, in ba za a gyara ba Alhaji ya yi shagunansa.

Kawu Isa mai burtsatse: Hajiya, ba mu muke sa tsada ba, ƙasa ce. Ta wajen yamma, Tumfure zuwa Akko, da ƙasar Kwami da Dukku, ruwa na can ƙasa da nisa, kakanninmu ma sun san rijiyar Dukku ba wasa ba ce. Ka yi ta zura bututu kuɗin mutum na ƙarewa. Ta gangare wajen Malam Inna kuwa an fi dacewa, shi ya sa tun da can rijiyoyin gwamnati suka taru a nan. Magabata ba su zaɓi wuri da ka ba, sun san ƙasa. In har wannan gidan ruwan an kafa shi a gefen kwari, ina mai tabbatar muku akwai ruwa a ƙarƙashinsa.

Injiniya Babayo: Madalla, Kawu ya kawo mu inda nake so. Abin daraja a wurin ba tankin ba ne, rijiyar ce. Ɗan Bolari, ka ga bakinta?

Ɗan Bolari: Na ga wani bututu mai faɗi ya ɗan leƙo daga ƙasa a bayan ɗakin, a buɗe. Mun jefa tsakuwa, ta daɗe kafin mu ji ƙara.

Injiniya Babayo: Subhanallah. Kar a sake jefa komai. Haka yara ke cika su da duwatsu har su tashi daga aiki. Kuma burtsatse a buɗe hanya ce miƙaƙƙiya daga saman ƙasa zuwa ruwan da maƙwabta ke sha. Da damina ruwan kwari ya kwaso bahaya da mushe ya zuba a ciki, sai ya ɓulla a rijiyar wani can gaba. Ko ba za a yi komai da wurin ba, wannan bakin a toshe shi da murfin ƙarfe a yi masa walda.

Nas Hauwa: Bari in sa baki a nan tunda an zo ɓangarenmu. Na farko, Ɗan Bolari, don girman Allah kar ku shiga tankin ƙasan nan. Ramin da ya daɗe a rufe iskar cikinsa kan ƙare, mutum ya sauka lafiya ya faɗi ba ko ihu, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Na biyu, irin wannan kango gidan kububuwa ne, kuma ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba. Takalmi mai rufi, da rana tsaka, da sanda. In kun ga tsohuwar tukunyar gas ta kulorin kar ku taɓa, kar ku bari yaran jari-bola su sare ta. Na uku, maganar amai da gudawa. Mutane na zaton ruwan famfo ko yaushe mai tsabta ne. Bututun da ke kwance cikin kwata, in akwai ruwa da ƙarfi a ciki waje yake tsiyaya. Da an ɗauke ruwa sai ya koma zuƙa, ya ja na kwatar ciki. Ranar da aka dawo da ruwa wannan ne farkon abin da ke zubowa a bokitinki. Ku riƙa barin na farkon ya zube.

Hamma Sale: Duk wannan laifin 'yan siyasa ne. Wancan gwamna ya yi, wannan ya bari ya lalace, kowa ya san su waye.

Shugaban zaure: Hamma, dokar zaure tana nan. Ba jam'iyya, ba kiran suna da zagi. Bappa ya ba mu labarin lalacewa da ta ratsa mulkin soja da na farar hula, bai ware kowa ba.

Malam Ɗahiru: Ni buƙatata ƙarama ce. Ɗalibaina sun san shekarar da aka yi yaƙin Bormi, 1903, sun haddace sunayen sarakuna, amma ka tambaye su daga ina ruwan da suka yi alwala da shi ya fito, sai su ce daga famfo. A share wurin nan, a mai da rufin, a sa Bappa da ire-irensa su yi bayani a naɗa tun suna da rai. Ɗakin nan ɗaya zai koya wa yaro abin da allo ba zai koya masa ba.

Maman Ihsan: Malam, gidan tarihi a unguwar da ake sayen ruwa? Yara su zo kallon busasshen tanki da ƙishi a wuyansu?

Injiniya Babayo: Ba dole a zaɓi ɗaya ba. A fara gwada rijiyar: a wanke ta da iska, a zura famfo a ja na yini guda a ga nawa take bayarwa da yadda take farfaɗowa, a kai ruwan ɗakin gwaji. In ta yi kyau, sola da famfo da 'yan kawunan famfo a bakin titi sun wadatar, ba gas ba taransifoma. Tsohon tankin sai an hau an duba, mai yiwuwa tsatsa ta cinye gindinsa, in haka ne a bar wa Malam shi a kafa na roba. Tsofaffin bututun kuma kar a taɓa su, wasu na asbesto ne, ƙurarsu in ana yanka tana illa ga huhu.

Alhaji Garba Tudun Wada: Sola nawa aka kafa a garin nan da ƙauyuka, yau suna ina? Shekara biyu an sace fallayen, ko famfo ya ƙone an rasa mai gyara. Ku za ku sake gina wa wani yaro kangon da zai ɗauko hoto nan gaba.

Adda Jummai: Bappa ya ce a gaya wa Alhaji ya yi gaskiya, kuma a gaya wa Injiniya shi ma ya yi gaskiya. Ya ce kafin a sayi ko noti ɗaya a fara samun mutumin da za a ce wannan aikinsa ne, da albashinsa, da wanda zai zo ya buɗe littafinsa duk wata. Ya ce kuma a karɓi kuɗi a bakin famfo ko kaɗan ne, a ajiye na gyara, don na kyauta ba shi da uba.

Maman Ihsan: In bai kai kuɗin mai kura ba ni zan fara biya. Amma mata za a ba ajiyar kuɗin.

Kawu Isa mai burtsatse: Wanke rijiyar da gwaji na ɗauka, a saya mini man kwamfaresa kawai. Sai dai ba zan kai mota filin hukuma ba takarda ba, kar a ce na zo satar ƙarfe.

Shugaban zaure: To ga yadda za a yi. Malam Ɗahiru ya rubuta takarda zuwa ga hukumar da ke da filin, Injiniya ya haɗa da bayanin rijiyar. Adda, a nema mana izinin Bappa a zo a naɗi maganarsa. Murfin bakin rijiyar kuma ba zai jira amsar takarda ba tunda damina ta kusa.

Alhaji Garba Tudun Wada: Ban canja ra'ayi a kan shaguna ba, amma kuɗin murfi da mai walda a kaina. A fara sanar da mai unguwa kafin kowa ya je da injin walda, kar matasan wurin su ɗauka ɓarayi ne.

Injiniya Babayo: Ɗan Bolari, in za ku wurin mai unguwar ka tafi da tef, ka auno mini faɗin bakin bututun daga ciki da kuma daga waje, da tsawon abin da ya leƙo sama. Da inci.